Rumfar tsohuwar mota a Briqueterie: a riƙa sauke ta ko a bar ta a rufe?

Motocin da ake sauke wa rumfa ba su da yawa a Yawunde. A Ekoudou kuwa, unguwar Hausawan da kowa ya fi sani da Briqueterie, sai a daɗe ba a ga ko guda ta gifta cikin tasi masu ruwan ɗorawa da babura ba. Amma duk ranar da wata ta shigo, ko ta haya ce don biki, ko wadda wani ya gada wurin mahaifinsa ya tayar da ita, gardama ɗaya ce ke tashi a bakin shagunan teloli da teburan masu shayi. Wannan ya ce mai motar ya yi ganganci da ya sauke rumfar. Wancan ya ce gangancin ai shi ne mutum ya mallaki motar da aka ƙera don a buɗe ta, sannan ya bar ta a rufe shekara da shekaru. Maganar ta fi ƙarfin hirar shayi, domin irin waɗannan motoci an daina yin su, wadda ta lalace kuma ta tafi ke nan.

Motocin sanannu ne. Akwai Peugeot 504 mai rumfa, mai ƙofa biyu, da kamfanin Pininfarina na Italiya ya zana, aka yi ta daga 1969 zuwa 1983, duka-duka guda 8,000 da 'yan kai. Mu 504 ɗin da muka sani ita ce ta tasha da ta ɗaukar kaya, irin wadda aka daɗe ana haɗawa a Kaduna. Wannan ƙanwarta ce da ba kowa ya taɓa gani ba. Akwai Mercedes SL ta 1971 zuwa 1989. Akwai Volkswagen kunkuru mai rumfa, wadda kamfanin Karmann ya riƙa yi a garin Osnabrück na Jamus daga 1949 har farkon 1980, sama da guda 330,000. Ko autar cikinsu ta haura shekara 30 a duniya.

Rumfar kanta ba yadi ba ne da aka yafa wa mota. Ƙashinta ƙarfe ne: sanduna masu gaɓoɓi a dama da hagu, da lanƙwasassun ƙarafa a gicciye da ke ɗauke da yadin, da wani babba a goshi wanda ke sauka bisa gilashin gaba a kulle shi da ƙugiya biyu. Yadi mai kyau hawa uku ne, zare a waje, roba a tsakiya don tare ruwa, ƙyalle mai laushi a ciki. Mai araha kuwa leda ce mai kauri da aka manna wa ƙyalle. Tagar baya a yawancinsu farar leda ce da ke ninkuwa tare da yadin, ban da ta kunkuru, wadda Jamusawa suka sa wa gilashi na gaske, suka cusa shimfiɗa tsakanin yadin waje da na ciki, har da katako a ƙashin tsofaffin. Idan aka sauke, duk kayan nan suna kwanciya ne a wani rami bayan kujeru, a kunkuru kuwa su zauna tsibi a bisa bayanta.

Masu cewa a bar ta a rufe, hujjarsu ta farko sama ce. Yawunde damina biyu take yi a shekara, ɗaya daga Maris zuwa Yuni, ɗaya daga Satumba zuwa Nuwamba, ruwan da take samu kuma yakan kai milimita 1,500 ko ya zarce. Wanda ya zauna a garin ya san yadda hadari kan haɗu da la'asar a kan duwatsun Mbankolo da Fébé, kafin mai shago ya gama shigar da atamfofinsa an kece da ruwa. Tsohuwar SL ba ta da maɓallin da za a danna. Sai direba ya tsaya, ya fito, ya buɗe murfin ƙarfen da ke rufe ramin, ya jawo rumfar, ya ɗaure ta gaba da baya. To wanda ruwa ya tarar a cunkoson kasuwar Mokolo, ko a gangaren Warda kusa da zauren wasanni, ina zai samu wurin tsayawa? Kujera ta jiƙe, dardumar ƙasa ta sha ruwa, audugar da ke ƙarƙashinta ta riƙe damshi kwana da kwanaki tana cin ƙarfen ƙasan motar ba wanda ya gani.

Hujjarsu ta biyu ita ce kowace saukewa tana rage wa rumfa kwana. Yadin a wuri ɗaya yake ninkuwa kullum, a nan yake fara fari, a nan yake tsagewa. Ledar taga idan ta tsufa takan yi ja ta bushe, ninki ɗaya na gaggawa ya isa ya fasa ta. In yadi ya shiga tsakanin ƙarfe biyu aka danne, huda ce nan take. Zaren ɗinkin da ya sha rana shekara da shekaru ba ya jure ja. Sabon yadin asali kuma ba a shagunan garin nan yake a rataye ba. Odarsa ake yi daga Turai, a jira shi ta Duwala, a biya kwastan. Shi ya sa za ka ji tsohon makanike yana cewa, "Alhaji, tunda ba ta yoyo, kada ka taɓa ta."

Suna kuma kawo yanayin unguwar. Daga Disamba zuwa Fabrairu jar ƙura ce ke tashi. Da maraice hayaƙin tsiren da Briqueterie ta yi suna da shi yana sauka da maiƙonsa a kan kujera da ƙyallen ciki. Lunguna matsattsu ne, babur yana gogar ƙofa, kuma kamar a kowane babban gari, wayar da ke kan kujerar buɗaɗɗiyar mota ba ta da nisa da hannun mai fizge. Akan ma ji masu tuna cewa a buɗaɗɗiyar Lincoln aka harbe shugaban Amurka Kennedy a Dallas ranar 22 ga Nuwamba 1963, mutumin da babban titin kasuwanci na tsakiyar garin nan ke ɗauke da sunansa. Wannan dai tsoron masu mulki ne. Na ɗan kasuwa bai wuce jaka da waya ba, kuma tsoro ne mai tushe.

Hujjar da na fi ganin ƙarfinta a wurinsu ba kowa ke kawo ta ba, sai masu aikin ƙarfe. Motar da ba ta da rufin ƙarfe, ƙarfinta duka yana ƙasanta ne, a dogayen ƙarafan da ke ƙarƙashin ƙofofi. Idan taya ɗaya ta hau tudu sauran suna kwari, gangar jikin kan ɗan murɗe, ido ba ya gani amma ƙugiya tana ji. Sai ka ga ta dama ta shiga, ta hagu ta ƙi. Mai gaggawa ya sa ƙarfi, ya lanƙwasa abin da ba zai miƙu ba. Yawunde gari ne na tuddai, samun shimfiɗaɗɗen wuri a bakin titin Ekoudou kuma ba ƙaramin aiki ba ne.

Su kuwa masu cewa a riƙa saukewa, daga ƙarfen suke farawa. Gaɓar da ba ta motsi tsatsa ce ke kama ta, balle a garin da iskarsa ke ɗauke da damshi kusan duk shekara. Ran da larura ta sa dole a sauke, ko don gyaran gilashi ko don sayarwa, sai a tarar gaɓoɓin sun ƙage. A ja, kusa ta karye, ko sandar gefe ta karkace. Yadi ana iya ɗinka wani. Ƙashin rumfar 504, motar da ba a yi 9,000 ba a duniya, wa zai ba ka shi? Don tsoron asarar abin da ake sauyawa, an jawo asarar abin da ba shi da madadi. Haka abin yake ga na baya-bayan nan masu aiki da famfon mai, irin SL da ta fito a 1989: robobin da ke tare man suna bushewa in ba a aiki da su, ran da aka danna maɓalli mai ya tsiyayo a kan kujera.

Sun kuma ce rufaffiyar rumfa ɓoye ciwo take yi. Ruwan da ke gangarowa daga yadin akwai hanyoyin da aka yi masa, 'yan ƙananan kwatoci da bututu da ke fitar da shi ƙasa. Jar ƙurar rani in ta haɗu da ruwan Maris sai ta zama laka ta toshe su. Ruwa ya kwanta a ramin da ba a buɗewa, ya sulale cikin ƙarafan ƙarƙashin ƙofa, waɗancan da aka ce su ne ƙarfin motar. Mai saukewa lokaci-lokaci yana ganin ramin da idonsa, ya kwashe ganye, ya zura waya ya buɗe hanyar ruwa. Wanda ya kulle kuwa ba zai sani ba sai ran da ƙofa ta fara ƙin rufuwa. Ga shi kuma motar da ke kulle kullum gumi take yi daga ciki, funfuna ta kama ƙyallen sama da bayan kujeru. Ba abin da ke korar wannan wari kamar a sauke rumfa a bar rana da iska su ratsa.

Sannan suna tambaya: in ba za a buɗe ba, me ya sa aka saya? Rumfar yadi a rufe ba ta kai rufin ƙarfe ta kowace fuska ba. Ta fi ƙara a hanya, ta fi zafi da tsakar rana, tana tare wa direba gani ta kafaɗa, ɓarawo mai reza kuma ba ya buƙatar makulli. Wanda ya bar ta a rufe ya ɗauki dukan aibobinta ya bar amfaninta guda ɗaya. Alhali Yawunde tana cikin garuruwan da amfanin ya fi fitowa. Tana bisa tudu sama da mita 700, zafinta bai kai na arewa ba. A Garwa ko Marwa cikin Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, buɗaɗɗiyar mota da rana azaba ce. A nan kuwa mutum ya hau hanyar Fébé da yamma, ko cikin lumshin Yuli da Agusta, ya ga garin a shimfiɗe ƙarƙashinsa, ya shaƙi sanyin itatuwa. Ni ban ga abin kunya a son wannan ba.

Da na auna maganganun biyu, abin da na gani shi ne kowane ɓangare yana da gaskiya a kan lokacin da ɗayan bai duba ba. Na farko sun yi daidai game da ajiya. Mota idan tana tsaye, dare ne ko mako, rumfarta a sama ya kamata ta kasance, a ɗaure, a miƙe. Yadin da aka bari a rami kwanaki da yawa yakan tsuke, musamman na leda, ran da za a ɗaga ya ƙi kaiwa gilashi. Mafi muni shi ne a sauke shi da danshi. Duk telan Briqueterie ya san abin da zai sami babbar rigar shadda in aka ninke ta a jiƙe aka tura akwati. Abin da ke samun rumfa ke nan, sai dai ita wanki ba ya mayar da ita. A nan masu son buɗewa suke kuskure, don da yawansu ruwa na ɗaukewa suke saukewa, yadin bai sha iska ba. Amma na biyun sun yi daidai game da motsi. Rumfar da ba a saukewa ba tsira ta yi ba, lalacewarta ce ta koma inda ido ba ya kaiwa. Kuma yawancin ɓarnar da ake ɗora wa saukewa, in aka bi diddigi, ta hannun mai saukewar ce.

Yin abin daidai ba wuya gare shi ba, natsuwa yake so. A nemi wuri shimfiɗaɗɗe, a ja birkin hannu. A sauke gilasan ƙofa. A tabbata yadin ya bushe, a kakkaɓe ƙurarsa, don ƙurar da ke cikin ninki ita ke goge zare da ledar taga. In tagar mai zif ce a zuge ta a kwantar, in ba mai zif ba ce a sa tawul mai laushi a cikin ninkinta, a bi ta da tafin hannu ta lanƙwasa a tsakiya ba tare da ta karye ba. A kwance ƙugiyoyin biyu kafin a ɗaga komai. A kama daga tsakiya, ko mutum biyu su kama dama da hagu su tafi tare, ana yi ana jawo yadin daga tsakanin ƙarafa. In ta tsaya a hanya, a tsaya a duba abin da ya riƙe ta. Wajen ɗagawa kuma, da sanyin safiya yadi kan yi tauri, gara a bar rana ta ɗan taɓa shi. A saƙala ƙugiyoyin duka biyu tukuna, sannan a matse su. Gaɓoɓi a ɗiga musu mai kaɗan a goge ragowar, kada ya taɓa yadi. Yaron shago ma zai iya koya in maigidansa ya tsaya a kansa, matsalar ita ce sau da yawa direban biki ake miƙa wa makulli, ba a taɓa nuna masa ba.

Akwai hujjar da ba ta shafi ƙarfe ko yadi ba, kuma a wannan unguwa ita ta fi nauyi. Hausawa sun shigo Yawunde da fatauci tun zamanin Jamusawa, suka zauna cikin Ewondo masu ƙasa, kuma tarbiyyar bafatake ita ce kada ya nuna abin da ke cikin jakarsa. Dattijo zai kira ɗansa gefe ya ce, "Kai, ka rufa wa kanka asiri, akwai waɗanda ba su ci na rana ba a layin nan." Ana tsoron baki, ana tsoron hassada, ana kuma kunyar maƙwabci. Ba na raina wannan magana, domin daga tausayi ta fito, kuma unguwar da mutane ke zaune ƙofa da ƙofa tana buƙatar irinta.

Sai dai ina ganin an ɗora wa rumfa laifin da ba nata ba. Tsohuwar SL ko a rufe take kowa ya san ta. Manyan jif masu baƙin gilashi da ke shiga unguwar kullum, da dama cikinsu sun fi tsohuwar kunkuru tsada, ba mai cewa komai, alhali su ne ke raba mutum da jama'a: ba a ganinsa, ba ya jin sallama. Na cikin buɗaɗɗiyar mota kuwa dole ya amsa gaisuwa, dole ya rage gudu, duk wanda ya san shi zai kira sunansa. Malamai sun daɗe da bambanta girman kai, wanda raina mutane ne, da jin daɗin halal ɗin da Allah ya ba bawansa. Abin da ya rage shi ne sanin wuri da lokaci. Ranar Juma'a da titin babban masallaci ya cika, ko layin da ake zaman makoki, ko dab da shan ruwa da azumi, mai hankali ya ɗaga rumfarsa ya wuce a hankali. Ɗaukar amarya ma haka: ita da ake kai ta a lulluɓe, ba za a tsiraita motarta don masu ɗaukar hoto ba. In ango da abokansa suna so su buɗe tasu, wannan nasu ne.

Abu ɗaya ne a bukukuwan nan ba zan yi masa sassauci ba, wato zama a kan ninkakkiyar rumfa mota na tafiya. Nauyin mutum yana lanƙwasa ƙarafan, wannan ƙaramar asara ce. Babbar ita ce rai. Tsofaffin motocin nan yawancinsu ba su da ƙarfen da ke kare kai in mota ta kife. Irin wanda ke fitowa da kansa cikin ƙasa da rabin daƙiƙa, sai a SL ta 1989 Mercedes ta kawo shi. Wanda ke zaune a bisa, birki ɗaya ya isa ya jefa shi kan kwalta. Mai motar da ya ba da haya ya gindaya wannan sharaɗi tun kafin ya karɓi kuɗi.

Akan samu masu ba da shawarar a huta da gardamar gaba ɗaya, a kai wa mai walda ya lafta rufin ƙarfe. Wannan kashe mota ne, darajarta ta zube, kuma ruwan da aka guda yakan biyo ta bakin waldar. Mai SL yana da mafita ta asali, don akwai rufin ƙarfe da aka yi wa motar, wanda mutum biyu ke ɗorawa su sauke. Ya ɗora shi daga Satumba zuwa Nuwamba, ba laifi. Amma ya tuna rumfar yadin tana kwance a rami duk tsawon wannan lokaci, don haka sai ta bushe sarai za ta shiga, kuma a riƙa fito da ita tana shan iska.

Tsoron tsadar yadi ma yana da magani a kusa. Unguwar da ake yi wa babbar riga aiki mai wuyar gaske ba ta rasa hannun da zai ɗinka rumfa ba, masu ɗinkin kujerun mota kuma suna nan a garin. Abin da ke ɓata aikin gida shi ne kaya. Tamfol ɗin babbar mota ya yi kauri, ba ya kwanciya a rami, yana wahalar da gaɓoɓi. Zaren auduga ruɓewa yake yi a wannan damshi, na roba ake so. In aka sayo yadin da ya dace, aka ajiye tsohon don a yanka sabon a kansa, aka ba mai ɗinki lokaci ya gwada ya sake gwadawa, aikin zai fito, kuɗin hannu kuma ya tsaya a gida.

Hukuncina shi ne a riƙa saukewa. Wanda ba shi da gareji ko inuwar kwano da zai ajiye irin wannan mota, a unguwar da gidaje suka haɗe babu filin tsayawa, ya haƙura da sayenta, don kwana a titi ƙarƙashin ruwan Oktoba zai cinye ta ko an buɗe ko ba a buɗe ba. Wanda kuwa yake da ita kuma yana da wurin ajiya, ya kwantar da ita rumfa a sama, ya sauke sau ɗaya ko biyu a wata ko da ba zai fita ba, kada ya taɓa ninke ta a jiƙe, kada kuma ya ba wanda bai koya ba. Kafin ruwan Maris da kafin na Satumba, ya buɗe ramin ya zuba ruwa kofi ɗaya a kowace kwata, ya duƙa ya ga ko ya fito ta ƙasa. In bai fito ba, a ranar ya kira makanike.